Gizo Ya Shiga Makaranta

Masu karatu, kowa ya san dokar da tsofaffi suka kafa a kan tatsuniya, watau ba a yin ta da rana. A garinmu cewa ake yi wanda ya yi ta da rana zai ɓace, in kuwa yara suka nace, to, sai an fara ɗaure Gizo, a kama ciyawar bakin ɗaki a ƙulle, sa'an nan a soma. Mu malaman makaranta mun daɗe da karya wannan doka. Mun ɗauko tatsuniya daga tsakar gida bayan sallar lisha, mun kawo ta aji da hantsi, mun yanka mata minti 30 tsakanin lissafi da rubutu. Har yanzu ba mu ga yaron da ya ɓace ba. Amma ita tatsuniyar, sau da yawa mun ga ta ɓace a hannunmu, yara suna zaune suna hamma a kan labarin da in kakarsu ce ke ba su, ko an kira su cin tuwo ba su tashi. Dalilin wannan muke so mu bincika yau, mu duba littattafan da ke hannunmu, mu kuma duba yadda muke aiki da su a ƙananan azuzuwan elementare, wadda yanzu ake kira firamare.

Bari mu fara da laifin kanmu. Ga yadda muka yi shekaru muna koyar da ita. Malami ya shigo ya buɗe littafi, ya karanta layi, yara su maimaita, ya karanta na biyu, su maimaita, har a kai ƙarshe. Sa'an nan ya juya ga allo ya rubuta tambayoyi biyar: wa ya tafi daji, me ya gani, da sauransu. Ta ƙarshe kullum ita ce, "Wane darasi muka koya?" Yara kuwa ba wawaye ba ne. Tun mako na biyu sun gane amsar da ke sa malami ya yi murmushi, saboda haka kowace tatsuniya aka yi, ko ta Gizo ce ko ta kura, sai ka ji aji ya ɗauka baki ɗaya, "Mu riƙa yin biyayya!" Mun rubuta a littafin shirin darasi cewa manufa ta cika, mai duba makarantu ya sa hannu, kowa ya tafi gida. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya ji tsoro, ba wanda ya yi waƙa.

Tushen ɓarnar shi ne mun ɗauka tatsuniya abin karantawa ce, alhali kuwa abin yi ce da baki. Rabinta ne kaɗai ke shiga takarda. Mai tatsuniya ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," ba ta kuwa ci gaba sai masu ji sun amsa, "Ta zo mu ji ta." Tun daga nan an ƙulla alkawari, aikin ya zama na mutum biyu. Akwai muryar Gizo da tsamin bakinsa, akwai gurnanin Dodo, akwai shirun da tsohuwa kan yi daidai inda zuciyar yaro ta tsinke, akwai waƙar da ake rerawa sau uku ko huɗu har yara su karɓe ta. Duk waɗannan ba su da haruffa.

In mun duba tarihin littattafan, za mu ga ba don yara aka fara rubuta su ba. J. F. Schön ya fitar da Magana Hausa cikin 1885. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, littafi uku, a Belfast tsakanin 1911 da 1913. Cikin 1913 ɗin ne kuma R. S. Rattray ya fitar da labarun da Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Aiki ne babba, ba kuwa mai raina shi, gama ba don su ba da yawancin abin da ke ciki ya bi tsofaffi kabari. Amma Turawa ne suka tara don Turawa masu koyon harshe da masu son sanin al'adun mutanen da suke mulka. Waɗanda suka rubuta musu kuwa malamai ne maza, da tawada da alƙalami, ga shi kuwa tatsuniya dukiyar mata ce. Malami in ya zauna rubuta abin da yake ganin hirar mata da yara ce, sai ya taƙaita, ya ba ka ƙashi ya bar tsoka. Wanda ya ɗauki shafin Edgar ya karanta wa ɗan shekara 6 yadda yake, kamar ya ba shi tsabar gero ne ya ce ga fura.

Wanda ya fi kowa kusantar abin da aji ke bukata shi ne Ibrahim Yaro Yahaya, da Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi shida, waɗanda suka fito a farkon shekarun 1970. Shi don yara ya yi, ya bar waƙoƙin a wurarensu, ya bar maimaici bai gaji da shi ba, Hausarsa kuma ta tsakar gida ce. Duk malamin aji ɗaya da na biyu ya kamata ya mallake su. Amma shawararmu ita ce ya karanta su a gida da dare, ya haddace, ya bar littafin a kan tebur in ya zo aji. Ko littafin Yahaya, in aka bi shi layi layi ana maimaitawa, mutuwa yake yi.

Don kada maganarmu ta zama a iska, bari mu ɗauki tatsuniya guda mu duba cikinta. Muna nufin ta Ruwan Bagaja, ba littafin Abubakar Imam mai wannan suna ba wanda ya ci gasar 1933, a'a, ta tsofaffi. Kowane gari da yadda yake yin ta, ga yadda muka ji ta. Wani mutum yana da mata biyu, Mowa da Bora, kowace da 'yarta. 'Yar Mowa ta yi fitsari a kirgi da dare, aka ɗora wa 'yar Bora, aka ce ta tafi ta wanke shi, ba kuwa a ko'ina ba sai a ruwan Bagaja. Ta kama hanya. Kowane kogi ta tarar sai ta yi masa waƙa tana tambaya ko shi ne, ya ce ba shi ba ne, ya yi mata tayin abin da ke gudana cikinsa, wani fura, wani zuma, ta gode ta wuce. Bayan ta kai ta wanke, hadari ya taso, ta fake a wata bukka, sai ta tarar da cinya da kare zaune. Cinya ba ta magana sai gunaguni, kare ne ke fassarawa. Yarinya ba ta yi dariya ba, ba ta ce uffan ba. Aka ba ta ƙwayar shinkafa guda da ƙashi aka ce ta dafa, ta dafa, tukunya ta cika. Da za ta tafi aka ba ta ƙwai, aka ce kada ta fasa sai inda ta tambaya ba a amsa ba. Ta bi umurni, ta komo gida bisa doki da dukiya da jama'a. Mowa ta gani, ta tura tata 'yar. Ita kuwa kowane kogi ta tsaya ta cika ciki, ta yi wa cinya ba'a, ta raina ƙwayar shinkafa, ta fasa ƙwai inda ake ta ihu a fasa.

Ku dubi yadda aka gina ta. Tafiya biyu ce a kan hanya guda. A ta farko yaro yana koyon hanyar, kogi bayan kogi. A ta biyu ya riga ya san abin da ke gaba, saboda haka shi ne ke gaban mai labari. Mun gwada wannan da kanmu: in aka zo tafiyar 'yar Mowa, sai mu tsaya mu ce, "To, sai ta tarar da me?" Hannuwa sai su tashi, har na waɗanda ba su taɓa buɗe baki a aji ba. Jeranta abu bisa tsari, riƙe shi a ka, hango abin da zai biyo baya, kwatanta hali da hali, waɗannan su ne ainihin abubuwan da littattafan koyarwa ke wahalar neman hanyar dasa wa yaro, ga shi wata tsohuwa da ba ta san bihim ba ta shirya su tun tuni. Game da darasi kuma, yaron da ya ce "Kai!" sa'ad da yarinyar ta yi wa cinya dariya ya riga ya yanke hukunci da kansa. In ka tsayar da shi ka ce ya faɗi abin da ya koya, ka ƙwace masa hukuncin ka mai da shi naka.

Wannan tatsuniya tana da 'yan'uwa a nesa. A littafin Jacob da Wilhelm Grimm na Jamus, wanda kashinsa na farko ya fito cikin 1812, akwai yarinyar da ta faɗa rijiya ta tarar da wata duniya, ta fid da gurasa daga tanda don kada ta ƙone, ta girgiza itacen da 'ya'ya suka yi wa nauyi, ta yi wa wata tsohuwa bauta tana kaɗe mata shimfiɗa har ƙanƙara ta zuba a duniya, aka sallame ta da ruwan zinariya. 'Yar'uwarta malalaciya ta bi sawu, aka kwarara mata baƙin ƙaro. A na Charles Perrault na Faransa, na 1697, ɗaya in ta yi magana lu'ulu'u da furanni ke zubowa daga bakinta, ɗayar kuwa kwaɗi da macizai. Masanan da suka rarraba tatsuniyoyin duniya iri iri sun ba wannan iri lamba 480. Ga malami amfanin sanin haka guda ne: ya fara da ta gida, in ta zauna, bayan mako ɗaya ko biyu ya kawo ta Jamus, ya yi shiru. Yaran ne da kansu za su ce, "Malam, ai wannan 'yar Bora ce!" Ranar da muka fara jin haka mun san an yi karatu.

Sai dai tatsuniyar waje tana bukatar tufafi, a nan kuwa babu malami kamar Imam. Magana Jari Ce, littafi uku da suka fito daga Zariya a ƙarshen shekarun 1930, cike yake da baƙi: wasu daga Dare Dubu da Ɗaya, wasu daga su Grimm, shi kansa akun mai ba da labari asalinsa daga Indiya ne. Amma Imam bai bar ko ɗaya da rigar da ya zo da ita ba. Ya naɗa musu rawani, ya sa su a zaure da kasuwa da fada, har mai karatu ya rantse a unguwarsu abin ya faru. Littafin ya fi ƙarfin 'yan aji ɗaya, jimlolinsa dogaye ne, ba'arsa ta manya ce, a bar shi sai aji huɗu ko biyar. Dabararsa ce muke so malamin ƙananan yara ya ara. Yaron da bai taɓa ganin ƙanƙara tana sauka kamar auduga ba, in ka tsaya bayyana masa ita a tsakiyar labari, labarin ya huce. Ka mai da ita ruwan sama, ka wuce. In ya girma ya ji ta yadda take.

Yanzu mun zo inda abin yake da nauyi. Akwai masu cewa a tsabtace tatsuniya kafin a kai ta aji, a cire Dodo, a cire yanka da haɗiya, kada a firgita yara. Ba sabuwar magana ba ce. Su Grimm kansu sun yi shekara 45 suna gyara littafinsu, har bugu na bakwai na 1857. A bugun 1812, wadda ta nemi kashe yarinyar nan ta wadanni bakwai uwarta ce ta cikinta, a na 1819 aka mai da ita matar uba. Haka aka yi wa uwar Hansel da Gretel cikin 1840. Yarinya mai jar hula, a wurin Perrault kyarkeci ya cinye ta, magana ta ƙare, a wurin su Grimm kuwa maharbi ya zo ya farke cikinsa ta fito. Cikin 1976 Bruno Bettelheim ya rubuta littafi yana cewa yaro yana bukatar abin tsoron nan, domin tsoron yana cikinsa tun da fari, tatsuniya kuwa tana ba shi suna da kama, ta kuma nuna masa ana cin nasara a kansa. Ba duk fassarorinsa muka yarda da su ba, wasu ya ja su har sun tsinke, amma a wannan gaɓa abin da muka gani a aji ya gaskata shi. Yara ba sa gudun Dodo. Matsowa suke yi, su riƙe hannun juna, su ce a sake. A bar musu Dodonsu.

Abin da ya kamata malami ya ji tsoro ba Dodo ba ne. Ga ɗan Bature na yau, muguwar matar uba aba ce ta cikin littafi galibi. A ajinmu kuwa ɗan mowa da ɗan bora suna zaune a benci guda, uba ɗaya, da safe daga gida ɗaya suka fito. Wata shekara mun yi wannan tatsuniya, muka ce a yi wasanta, muka bar yara su zaɓi wanda zai zama wane. Nan da nan suka nuna wata yarinya suka ce ita ce 'yar Mowa, suna dariya, ashe sun san gidansu, mu ne ba mu sani ba. Sunan ya bi ta har ƙarshen zango. Laifinmu ne, ba na tatsuniya ba. Tun daga ranar mu ke raba matsayi da kanmu, mu kan kuma juya, wadda ta yi 'yar Bora yau gobe ita ce 'yar Mowa. Ba mu kuma yarda magana ta tsaya a kan iyayen ba, sai a kan abin da kowace yarinya ta yi da ƙafarta da bakinta a hanya. Cire kishi daga labarin ba shi yiwuwa, ba shi kuma da amfani, gama yaron da ake ɗora wa laifin wani a gida yana bukatar ya ji cewa an taɓa yi wa wata haka, ta kuwa komo bisa doki.

Wuri guda ne muke sa hannu mu canja ba tare da shakka ba. Yadda aka saba ƙarasa ta, da 'yar Mowa ta fasa ƙwanta sai kutare da makafi da guragu suka fito suka rako ta gida bisa jaki, ana dariya. To, a ajin akwai yaron da shi ke yi wa ubansa jagora bayan an tashi. Kuturta kuma cuta ce da ake warkewa, tun 1981 aka tsayar da haɗin magungunanta. Ba ma son ɗan shekara 6 ya fara koya daga bakin malaminsa cewa waɗannan bayin Allah su ne azaba. Mu kan sa ƙudaje da rina da kunamu su fito, yaran kuwa dariyarsu ba ta ragu ba. Wanda ya ce mun taɓa abin gado, sai mu ce masa tsofaffin ma haka suke yi, kowace tana ƙari tana ragi gwargwadon yaran da ke gabanta. Takarda ce ta sa muka zaci tatsuniya tana da kama guda.

Saura Gizo. Shi ne ya fi damun masu son darasi, domin maƙaryaci ne, mai haɗama, ya cuci kura, ya cuci giwa, ya cuci Ƙoƙi matarsa, sau da yawa kuma ya sha lafiya. Mun ga malamai suna ƙara masa bulala a ƙarshe don lissafi ya daidaita. Ba a bukata. Yaro ƙarami ne a cikin duniyar manya, kowa ya fi shi ƙarfi, kowa yana aikensa, saboda haka in ya ga ɗan mitsitsin abu ya sa giwa da dorina suna jan igiya, kowace tana zaton da Gizo take ja, daɗin da yake ji ba na ƙarya ba ne, na ganin ƙarami ya tsira ne. Da kunya ta kama Gizo kuma, shi ne na farkon yi masa dariya. Iyayen da ke cewa ba su kawo 'ya'yansu makaranta don a koya musu ƙarya ba, muna girmama damuwarsu, amma a tuna musu yadda ake rufe tatsuniya: bayan an ce ƙurunƙus, mai yi da bakinta take faɗi cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Watau ita da kanta take koya wa yaro inda iyakar wasa take. Kalila wa Dimna ma, da Ibn al-Muƙaffa ya juya zuwa Larabci tun ƙarni na 8, dabbobi ne ke magana a ciki, malamai kuwa ba su fid da shi daga cikin littattafansu ba.

Wani zai ce, in an rufe littafi, ina karatun? Yana zuwa, amma daga baya. Ranar farko a fita gindin itace, a zauna ƙasa, malami ya yi ta da baki, da waƙa, ko da muryarsa ba ta da daɗi. In akwai tsohuwa a unguwa da ta iya, a roƙe ta ta zo, malami ya koma baya ya zama ɗalibi. Rana ta biyu yara su maido ta, wannan ya fara, wancan ya ɗora. Rana ta uku ne za a je allo: su faɗa, malami ya rubuta abin da suka faɗa da kalmominsu, jimla huɗu ko biyar, sa'an nan su karanta. Yaro bai taɓa kasa karanta maganar da ta fito daga bakinsa ba kamar yadda yake kasa ta baƙo. Kalmar "kogi" da ta dawo sau biyar a allo, kafin a tashi ya gane ta ko daga nesa. Wannan kuwa sai da harshen da yaro ya zo da shi daga gida. Tsarin ilmin Nijeriya na 1977 ya ce a fara koyarwa da harshen uwa ko na wurin da yaro yake, amma ko ba takardar hukuma, kowa ya san ba a yi wa ɗan shekara 6 tatsuniya da harshen da bai kai kalma hamsin a cikinsa ba. In kuma ɗan Sakkwato ya kawo tasa da karin garinsu, kada a katse shi ana gyara, daidaita rubutu yana da ranarsa.

Mu kan ce kowane yaro ya roƙo tatsuniya guda daga gida ranar Alhamis. Wasu su kan komo da labarin fim da suka gani a talabijin ko a wayar yayansu, su ce a gidansu ba mai yi. Ba mu kore su ba, mu kan bari su faɗa, gama shi ma jeranta labari ne. Amma a kowane aji ana samun uku ko huɗu da ke da kaka a raye, su kan zo da abin da ba mu taɓa gani a Edgar ko a Yahaya ba. Waɗannan muna rubuta su a wani littafi dabam, da sunan garin da tsohuwar ta fito, mu kuma aika a tambayo mana waƙar in yaron ya manta ta a hanya.